Zuga-zugin da Bai Ga Wuta Ba

Sirajo ɗan Labbo maƙeri ne, kuma a gidansu, can bayan kasuwar Dungas, ba a tambayar yaro sana'ar da yake so. Maƙerar a cikin zaure take, saboda haka duk mai shiga gidan da mai fita sai ya ratsa tsakanin tulin gawayi da uwar maƙera, yana kauce wa tartsatsi. Da zarar yaro ya iya zama wuri ɗaya yana jin magana, sai a ɗora hannuwansa a kan zuga-zugi, fatun akuya guda biyu da ake dannawa ɗaya bayan ɗaya su hura wuta. A nan Sirajo ya fara, kamar yadda ubansa ya fara. Ya zuga wa garemani da magirbai da gatura wuta tun bai san aikin da ake yi da su ba.

An sa shi lakwal, ya kai har kolej, sa'an nan ya bari. Bai kasa karatu ba. Hankalinsa ne ya koma kan abin da ke cikin abubuwa, har ya zama duk rediyon da ya mutu a unguwa sai ya buɗe cikinsa. Ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana gyaran rediyo da tocila, daga baya wayar hannu. Ya yi aure, ya ci gaba da zama a gidan ubansa. Labbo bai hana shi ba, domin akwai ƙanne masu riƙe masaba, kuma a ganinsa wanda ke narka dalma a kan waya bai yi nisa da gida ba. Sirajo mutum ne mai saurin hannu da saurin fahimta, mai yarda da kansa, kuma babu laifi a cikin wannan. Laifinsa ɗaya ne: idan tunani ya fara tafiya masa daidai, ba ya jira ya kai shi ƙarshe kafin ya miƙa hannu.

Kusa da rumfarsa akwai shagon Madam Yagana, wadda ta daɗe tana sakatariya a meri, ofishin magajin gari, kafin ta ajiye aiki ta buɗe wurin buga takardu. Odinatar biyu gare ta, na'urar da mutanen Kano ke kira kwamfuta, irin masu babban akwati da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Shagon yana tsakanin mata masu sheƙar gyaɗa da tashar ƴan kabu-kabu, masu ɗaukar mutane a babur. Abin da faifan mata ya tayar, iska ta kai shi ƙofarta; abin da ya kwanta, tayar moto ta sake tayar da shi. Akwatunan kuwa suna zaune a ƙasa suna shaƙa.

Wata bazara ta kira shi.

"Ɗan maƙera, zo ka saurari wannan. Da hantsi lafiyarta lau. Azahar na yi sai ta kama gurnani kamar injin niƙa, ta ɗauke. Tsufa ne, ko wani ya yi mini hannu?"

Sirajo ya kwance murfin gefe ya leƙa. Ƙura ta kwanta a kan komai, ta daskare kamar auduga, ta toshe tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi, ta naɗe fikafikan ƴar fankar da ke kansa.

"Madam, ba ko ɗaya. Bargo kuka lulluɓa mata a bazara. Zafi ke taruwa ya rasa mafita, ita kuma ta kashe kanta don kada ta ƙone."

Wannan gaskiya ne, kuma ya gane shi da kallo ɗaya. Saura yadda za a fitar da ƙurar. Ruwa ba ya shiga maganar. Hurawa da baki na tafe da yawu da danshi. Tankin iskar mai faci yana tara ruwa da mai a cikinsa, kuma ƙarfinsa na iya ɓalle ƙananan kaya. Akwai iskar gwangwani da ake sayarwa a Damagaram, amma tsadarta ta fi ƙarfin shagon da ke buga takardar neman aiki, kuma ba ta daɗewa. Abin da ake bukata iska ce busasshiya, mai ƙarfi daidai hannu, wadda ba a saye. Da ya kawo nan sai ya yi murmushi, domin irin wannan iska a zaurensu ya girma da ita. Duk matakan da ya taka daidai suke. Tambaya ɗaya ta rage, ita ce bai yi ba.

Ya jira Labbo ya tafi gona, ya cire zuga-zugin daga bakin murhu, ya kawo shagon. Ƙura ta tashi kamar hayaƙi, ƴan kabu-kabu suka taru suna dariya suna yaba dabarar. Cikin akwatin ya fito fes a ido. Ya mayar da murfi, ya jona kuran, wato lantarki, ya danna. Fankar ta juya, aka ji ɗas, wari ya tashi kamar na ƙonannen roba, gilashin ya tsaya baƙi.

Madam Yagana ta cire tabarau ta dube shi.

"Ta mutu?"

"Bari in sake dubawa, Madam."

"Kada ka sake komai. Da suma take yi, la'asar na yi ta farfaɗo. Kai ka zo ka yi mata sutura. Ɗauki kayan ubanka ka tafi."

Ba ta ce ya biya ba. Ta bar shi da abin da ya fi biya nauyi, wato bakin kasuwa. Kafin kasuwa ta sake ci ƴan kabu-kabu sun raɗa masa suna, Mai-busa-ajali, kuma sunan ya hau moto ya kai har garin Dogo-Dogo. Masu kawo masa waya suka ragu. Abin bai tsaya a kansa ba. Manomi zai kawo garma gyara, ya tsuguna a zaure, ya ce, "Baba Labbo, a zuga mata a hankali, kada ta bi akwatin Madam." Labbo, wanda ba a taɓa mayar masa da aiki ba, sai ya ci gaba da bugun ƙarfe kamar bai ji ba, amma idan ya shiga cikin gida ba ya amsa gaisuwar Sirajo sai da kai. Sunan gida ne ya shiga bakin masu raha, kuma Sirajo ya san shi ya kai shi can.

Wani a matsayinsa da ya ɗora laifin kan tsufan na'ura, kuma da an yarda da shi, domin babu mai iya tabbatar da akasin haka. Sirajo bai yi ba, kuma a nan yarda da kai ta yi masa amfani. Ya tabbata ƙura ce cutar, ya tabbata iska ce maganin; idan haka ne, akwai wani abu a tsakani da ya kuskure, kuma abin da aka kuskure ana iya gano shi. Ya bi aikin daki-daki a zuci. Ya cire kuran kafin ya buɗe. Hannunsa a bushe yake. Bai ɓalle komai ba. Abu ɗaya ne ya shiga akwatin daga waje, ita ce iskar kanta.

Wata safiya yana ratsa zaure sai ya tsaya. Labbo na zaune yana goge bakin magirbi da zarto, garin ƙarfe na zuba a ƙasa, dab da zuga-zugi. Bakin fatar kuwa buɗewa yake yi duk lokacin da aka ɗaga hannu. Sirajo ya yi shekaru yana wannan motsi bai taɓa lura da rabinsa na farko ba: zuga-zugi sai ya shaƙa kafin ya fitar, kuma wannan ya daɗe yana shaƙar iskar maƙera tun kafin a haife shi.

Ya kawo farin ƙyalle ya shimfiɗa, ya kawo maganaɗisun da ya cire daga lasifikar wani tsohon rediyo.

"Me kuma za ka yi wa zuga-zugina?" in ji Labbo.

"Baba, ka duba kawai."

Ya zuga a kan ƙyallen, ya bi wurin da maganaɗisu. Wani baƙin gari ya miƙe tsaye a jikinsa kamar gemu. Labbo ya ɗebo ya murza a tsakanin yatsu.

"Ƙarfe ne."

"Ƙarfe ne, Baba."

"To, ƙarfe a gidan maƙera abin kira mutane ne su gani?"

"A nan ba ya cutar da komai. A cikin akwatin nan kuwa hanyoyin kuran sun fi gashi siranta, suna kwance kusa da juna. Ƙwayar ƙarfe ɗaya ta faɗa tsakanin biyu ta haɗa su, shi ke nan. Na fitar mata da ƙurar gyaɗa, na cika ta da wannan."

Labbo ya sake kallon yatsunsa.

"Ashe zuga-zugina aikinsa ya yi. Kai ne ka kai shi inda ba a aike shi ba."

"Ni ne."

"Sai ka faɗa a kasuwa, tunda a can ake faɗin ɗayar maganar."

Sirajo ya ce zai faɗa, amma ba da hannu wofi ba. Yana so a ɗinka masa sabon zuga-zugi, wanda ba zai taɓa shiga maƙera ba. Labbo ya ajiye zarto. A gidansa, ranar da aka gama sabon zuga-zugi a bakin wuta ake gwada shi, kuma bai san wata hanya ba.

"Zuga-zugin da ba ya ganin wuta ai salka ce. Ka je wurin masu jan ruwa su ba ka."

"Baba, dutsen da kake wasa aska, kana wasa gatari a kansa?"

"Wane mahaukaci ke yin haka?"

"To wannan ma aska ce."

Labbo ya ɗauki zartonsa ya koma aiki. Dattijo ne mai taurin kai, amma taurin kansa a kan aiki yake, kuma hujjar da ta fito daga cikin aiki ba ya iya yi mata gardama. Ranar kasuwa ya je wurin majema da kansa ya zaɓo fatu biyu masu laushi. Ya kakkaɓe su, ya shanya su, ya sake kakkaɓewa. Bai ɗinka su a zaure ba. Ya wanke hannu, ya canja riga, ya zauna a tsakar gida a gindin itacen bedi, wurin da matan gidan ba su taɓa ganinsa da aiki ba. Maimakon bakin ƙarfe ya fafe ice, Sirajo ya jona masa siririn tiyo, suka ɗaure ƙyalle mai shara-shara a mashigar iska don ya tace.

A wannan tsakani odinatar ta biyu ta kama irin ciwon ƴar'uwarta, kuma ta kama shi a mugun lokaci, domin ƴan kolej na haɗa dosiye, wato takardun shiga jarrabawa, kowa na son a buga masa. Madam Yagana ta kunna mata fanka, ta koma buɗe shago tun da sassafe, duk da haka azahar na yi sai ta ɗauke. Kai ta Damagaram na nufin rufe shago, da jijjigar hanya a kan na'urar da ta riga ta galabaita. Sirajo ya je ya yi mata bayani. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Bayaninka na farko ma daɗi gare shi," ta juya masa baya. Tana da gaskiya. Wanda ya rage da na'ura ɗaya ba a zarginsa don ya ƙi amincewa da hannun da ya kashe masa ɗaya.

Washegari da hantsi suka zo su biyu. Labbo na gaba, cikin farar riga, sabon zuga-zugin a naɗe a hammatarsa. Ƴan kabu-kabu suka bar hira suka matso.

"Labbo," in ji Madam Yagana, "kai ma jana'izar ka zo?"

"Sakatariya, sunan gidana ya kwana a shagonki. Shi na zo ɗauka."

"Idan kuma kuka ƙara mini wata gawar?"

"Sai ki ce Labbo ne, ki bar yaron. Ni na ɗinka wannan da hannuna."

Sirajo ya juya ga mutanen da suka taru, ya faɗi abin da ya kashe na'urar farko, da muryar da kowa zai ji. Bai tausasa ba, bai kuma ƙara ba: zuga-zugin maƙera ya ɗauko bai tambayi abin da ke cikinsa ba, garin ƙarfe ya hura a kan hanyoyin kuran, laifin nasa ne. Sa'an nan ya ce a gwada sabon kafin ya kusanci komai.

"Ni zan gwada," in ji Madam Yagana. "Ƙyallenku ban san inda ya kwana ba."

Ta zaro farar takarda daga cikin nata, ta karɓi maganaɗisun, ta goge shi da gefen mayafinta. Aka zuga a kan takardar, aka sake zugawa. Ta bi ta lungu-lungu da maganaɗisu, ta ɗaga shi ga haske, ta sa tabarau ta sake dubawa. Babu komai a jikinsa. Ta daɗe tana kallon akwatin da ke ƙarƙashin tebur.

"Ku ɗauka," ta ce. "Ina tsaye."

Sirajo ya cire duk igiyoyin, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe don sauran kuran da ke ciki ya fita. Ya kai akwatin bayan shago, cikin inuwa, ya ɗora shi a kan benci ta gefen da iska za ta kwashe ƙura ta yi gaba da ita. Ya dafa ƙofar ƙarfe don ta janye kuran da jiki kan tara, kafin ya sa hannu a ciki. Ya soka tsinke a tsakanin fikafikan fankar don kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe tiyo ɗaya ya zuga, kuma kafin Sirajo ya nemi wani a cikin jama'a, Labbo ya riga ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya sa hannuwansa a bakin fatun. Zuga aikin ƙaramin gida ne. Mai maƙera ba ya yin sa.

"Rabona da zuga wa wani," in ji shi, "tun Baba na da rai."

Ya danna. Ƙura ta fito gungu-gungu.

"A hankali, Baba."

"Ni za ka koya wa zuga?"

Amma ya sassauta. Sirajo na bin lungunan da sabon buroshi mai laushi, yana tayar da abin da ya daskare, tiyon na biye yana kwashewa. Ɓawon gyaɗa ya fito, yanar gizo ta fito, har da busasshiyar ƴar tsaka daga bayan ƙaramin akwatin da ke raba kuran, wadda wani ɗan kabu-kabu ya ce ita ce ke buga wa Madam takardu. Sirajo bai yi dariya ba. Ya bi haƙarƙarin ƙarfen ɗaya-ɗaya har haske ya ratsa tsakaninsu, ya cire tsinken, ya leƙa ko wani abu ya goce daga mazauninsa, sa'an nan ya mayar da murfi.

Bai yarda a mayar da akwatin ƙasa ba. Ya sa aka ɗora shi a kan tebur, nesa da bango kaɗan don ya sami wurin fitar da zafi. Ya jona igiyoyin. A nan hannunsa ya tsaya a kan maɓallin, domin daidai wannan wuri ne ya tsaya a wancan karo da irin wannan tabbaci.

"Danna mana," in ji Labbo. "Ƙarfe ba ya jiran mai tunani idan ya yi ja."

Ya danna. Fankar ta juya ba gurnani, gilashin ya kawo haske. Wani ya fara tafi, Madam Yagana ta ɗaga hannu.

"Da hantsi kullum lafiyarta lau. Ku bari rana ta take."

Ta zauna ta kama aiki. Aka kira azahar, mazan suka tafi masallaci suka dawo. Kwanon rufin shagon ya ɗauki zafi har ba a iya tsayawa a ƙarƙashinsa ba gumi. Labbo ya zauna a benci, zuga-zugin a cinyarsa, Sirajo na tsaye a bakin ƙofa yana sauraren fankar. Ƴan kolej suka shigo da dosiye suka fita da takardu. Madam Yagana ba ta ɗaga kai ba. Sau ɗaya kawai ta miƙa tafin hannu ta dafa gefen akwatin, ta mayar da shi kan aikinta. Inuwar shagon ta juya, aka kira la'asar, na'urar na nan a kunne.

Wani ɗan kabu-kabu ya leƙo. "Yau dai Mai-busa-ajali ya tsallake."

Madam Yagana ta dube shi ta saman tabarau.

"Sunansa Sirajo ɗan Labbo. Kai kuma kawar da motonka daga ƙofata, rabin abin da aka fitar ɗazu kai ka kawo shi."

Labbo ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi mata sallama kamar wanda ya zo gaisuwa kawai.

Tun daga nan aikin ya zama reshe na sana'ar Sirajo. Bayan girbi, da kuma kafin zafi ya kama, yakan ɗaura zuga-zugin a bayan moto ya zagaya shagunan buga takardu da biro-biro, wato ofisoshi, daga Dogo-Dogo zuwa Danciyau har Magarya, kuma abin da yake karɓa bai taɓa hana kowa kiransa ba. Ko'ina ya je da gwajin farar takarda yake farawa, ko an nema ko ba a nema ba. Masu son arha sukan ɗauka cewa duk abin da ke kusa da hannu ya isa kayan aiki. Sirajo ya sani, da asarar wani, cewa sai an tambayi inda abin ya zauna da abin da ya shaƙa.

Wata matsala ce ta taso tun ranar da suka gyara na'urar Madam, suna isa gida. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma ta cikin maƙera take bi. Sirajo zai shiga da zuga-zugin, Labbo ya tare shi da hannu.

"Ba ta nan ba."

"Baba, a naɗe yake."

"Ko a naɗe. Da safe ma ta katanga ƙanenka ya miƙo mini shi. Ni na ɗinka shi, ba zai shaƙi zauren nan ba."

Ya sa Sirajo ya zagaya ta bayan gida, shi kuma ya shiga ciki ya tsaya a gindin katanga, ya ɗaga hannu ya karɓa. Har yau haka ake yi. Idan maƙwabta suka ga fatun akuya na tsallake katangar gidan Labbo da safe, sun san Sirajo zai fita zagaye.